Waifa tana daskarewa a motar lantarki, ina mafita?

Jama'a, a taimaka da shawara. Motar lantarki ba ta da injin da zafinsa ke ɗumama bonet, shi ya sa gindin gilashin gaba, inda waifa ke kwanciya, yake zama da sanyi. Ana kunna hita minti 20 motar na kan caji, gilashi ya washe, amma da an hau hanya sai dusar ƙanƙarar da ta narke ta sake daskarewa a jikin robar waifar, ta sandare, tana barin layi-layi daidai saitin idon direba. Ruwan wankin gilashi mai jure sanyin -20°C ne a cikin motar. Ruwan zafi kuwa yana iya tsaga gilashi. Waifa mai hita za ta magance wannan? Ba za ta zuƙe ƙaramin batir mai 12V ba?