Neman shawara: ƴata ta kafe sai biyoshimi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƴata ta ci BAC D bana nan Damagaram. Ni likitanci nake so ta karanta, ita kuwa ta ce sai biyoshimi, wato ilimin sinadaran da ke cikin jikin masu rai, wai tana so ta bi sawun Katalin Karikó, matar da ta samu kyautar Nobel a 2023. Ni ɗan kasuwar Dole ne, ban san wannan fanni ba. Tsorona kada ta gama ta zauna gida ba aiki. Ku ba ni shawara don Allah.

Wani malamin lise:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ƴarka ta zaɓi abin koyi na ƙwarai. Karikó ƴar mahauci ce daga Hangari, an haife ta a 1955. Ta koma Amurka a 1985, shekara da shekaru tana aiki kan mRNA, wato saƙon da ke gaya wa ƙwayar halitta irin furotin da za ta ƙera. Masu ba da kuɗin bincike suka yi ta ƙin ta, har aka rage mata muƙami a 1995. Sai a 2005 ita da abokin aikinta Drew Weissman suka gano gyaran da ke hana jiki yaƙar wannan saƙo, kuma a kansa aka gina rigakafin korona na Pfizer da Moderna. Ka zaunar da ita ka gaya mata wannan duka. Kyautar ta zo tana da shekara 68, ita yarinya ƙarshen labarin kawai ta ji.

Wata ma'aikaciyar labo:
Baba, tsoronka yana kan hanya. Lisans kaɗai a wannan fanni ba ya saurin kawo aiki a Nijar, sai an kai masta ko dokta. Amma aikin yana nan: awon jini a asibiti, gwajin magani da abinci a LANSPEX, wato labon gwaji na ƙasa, binciken cututtuka a cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai. Kowace damina zazzaɓin cizon sauro yana kwantar mana da yara, mu ne ke duba jininsu kafin likita ya rubuta magani.

Wata uwa:
Alhaji kada ka tilasta mata. Likitanci shekara bakwai ne ko fiye, wanda ba ya so ba ya kai ƙarshe. Ka nemi izini ta yi sati biyu a wani labo lokacin hutu, ta ga jini da fitsari da idonta. In ta dawo tana nan kan bakanta, ku je Jami'ar André Salifou tare ku tambayi fannonin kimiyya da suke da su, sannan ta cika takardun burs na ANAB, hukumar ba da tallafin karatu, da wuri.