Musayar Waƙa: Wa Zai Raka Mu Sawakin?

Ɗan Bur Sudan:
Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Juma'a mai zuwa muna da fita zuwa Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Sudan a gaɓar Bahar Maliya, kimanin kilomita 60 kudu da mu a nan Bur Sudan, hafila (bas) za ta tashi bayan asuba. Da waƙa na kawo gayyata, da waƙa nake son amsa. Ƙwar huɗu, babban amsa-amo "wa". Wanda ya karya shi zai sayi jabana, wato kofi.

Ku taso mu tafi kar rana ta ɗaga,
Sawakin ta kira, wa zai tsaya a taga?
Tsibiri ne kewayayye, in ka shiga,
Gabas da yamma ba komai sai ruwa.

Gada ɗaya ce ke kai ka cikinsa,
Ƙofar Gordon na tsaye a bakinsa,
Da dutsen murjani aka yi gininsa,
Daga ƙasan teku aka yo haƙowa.

Mu hau kwalekwalen huri mu zaga bayan gari,
Mu jefa fatsa, ko najil ko sha'uri,
Wanda bai iya iyo ba ya yi haƙuri,
Ya tsare mana takalma, ya jira fitowa.

Jikan Maiwurno:
Wa alaikumus salam. Yaya, a bakin Shuɗin Nilu aka yanke mini cibiya, ka san ba zan yi shiru ba.

Yaya, wane ruwa kake wa kirari?
Ka kurɓa ka tofar, zallar gishiri,
Ba ya ceton gona a shekarar fari,
Namu na Nilu shi ke fid da dawa.

Kuma me za a gani? Kufai da kango,
Rufi ya faɗi ya bar rabin bango,
Kyanwoyi sun mai da fada zango,
Ni kuɗin mota ba na zubarwa.

Hajiya Kaka:
Jikata ce ke danna wayar, ni ina faɗa. Kai angona na Maiwurno, matso nan.

Angona, bakinka ya fi ƙarfinka,
Kangon da ka raina ya san kakanka,
Nan ya sauke gora da buzu da jaka,
Yana jiran jirgin sambuk na ƙetarewa.

Tun daga Burmi ake zuwa bisa ƙafa,
Wani ya yi furfura bai taka Arfa,
Ya tsinci audugar Jazira, ya sai tufa,
Ragowar ya ƙulle, kuɗin hayewa.

A killace su kwanaki don duba lafiya,
A yi musu lamba kafin izinin tafiya,
Wani ya haye, wani kuɗi suka ƙiya,
Mu jikokinsa ne, mai kasa wucewa.

Malam Mai Alli:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, ya ja kwana. Yaƙin Burmi a 1903 aka yi shi, kuma garin da yaron nan ke taƙama da shi sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya ci, Muhammadu Bello Maiwurno, wanda ya yo gabas da jama'a bayan yaƙin. Bari in ɗora nawa, in fara da Usman Dikna, kwamandan Mahadi da ya yi wa Sawakin ƙawanya.

Ba igwa ce ta ci garin ba, ɗana,
Usman Dikna ya tsare shi dare da rana,
Bai shiga ba. Ga gaskiyar magana:
Manyan jirage ne suka gaza shigowa.

Turawa suka leƙa arewa kaɗan,
A 1905 suka kafa Bur Sudan,
'Yan kasuwa suka bi, kowa ya bar gidan,
Murjani in ba gyara sai marmashewa.

Kuma ba kango kaɗai za ku tarar ba. Masallatai biyu na tsibirin, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, Turkawa sun gyara su, shugabansu Erdogan ma ya taka wurin a Disamban 2017. In kun fito tudu, ku tsaya a Ƙofar Kitchener. Roƙona ɗaya: kada a hau kan tarin duwatsu don ɗaukar hoto, ba ƙarfi gare su ba.

'Yar Gef:
Malam, mun ji mun bi. Ni a Gef nake, unguwar kan tudu daura da tsibirin, yana gabana kullum, don haka akwai gyara a waƙar Yaya.

Yaya, takalmin nan da ka ce a tsare,
A ƙafa ake barinsa a ɗaure,
Ƙasan ruwa akwai baƙar ƙaya a zare,
Ta karye a diddige, sai allura da kuwwa.

Ku ari tabaran nutso ku leƙa,
Kifi shuɗi da ja, hannu za ka miƙa,
Ya zille. Ka ɗago, iska ka shaƙa,
Ka koma, ka manta da batun komawa.

In kun fito, ga salat bisa duwatsu,
Gashin Hadandawa, a ci shi da yatsu,
Jabana mai citta ga wanda ya matsu,
Finjali ɗaya ba ya isar kowa.

Kyanwar Sawakin kuwa, Jika, yi hankali,
Tsofaffi sun ce aljanu ne asali,
Za ta zauna gabanka ta ƙura wa cokali,
Jefa mata kan kifi, ba a korawa.

Baba Mai Agashe:
'Yata, kin yabi naman wasu ina zaune? Ni ban san wata ƙwar huɗu ba, ga tawa.

Ku ci gashin dutse, ba zan hana shi,
Amma agashe wa ya isa ya raina shi?
Ƙuli da yaji, hannunmu ya kawo shi,
Daga Nyala har Kasala an san shi.
Zan zo da faranti biyu cike da shi,
Huri kuwa, Allah ya raba ni da shi.

Ɗan Bur Sudan:
Baba ya karya, jabana ta hau kansa!

Baba Mai Agashe:
Yaro, mai kawo nama ba ya biyan tara.

Sarkin Nutso:
Ni da za a bi ta tawa, lanci za a ɗauka daga Bur Sudan, a je tsibirin murjani na Sanganeb da inda jirgin ruwa Umbria ya nutse.

Sanganeb mai hasumiyar fitila,
UNESCO ta sa shi a kundi, ba wata illa,
Ga Umbria kwance a ƙasa ba ƙwalla,
Tun 1940 ta yi nutsewa.

Ɗan Bur Sudan:
Sarki, aljihunmu na hafila ne, lanci sai wata shekara.

Kawu Na Jidda:
Tun ɗazu nake karantawa ban ce uffan ba. Bayan da yaƙi ya tashi a Sudan a Afrilun 2023, ta Sawakin na fito da iyali. Ban je yawon buɗe ido ba.

Na kwana a tashar Usman Dikna a zaune,
Yara na barci, kaya a ɗaure a kwane,
Tsibirin na can, ban tambayi mene ne,
Tikiti kaɗai zuciya ke nemowa.

Dare guda jirgi ya kai mu Jidda,
Abin da kakanni suka yi wa shekaru da yarda,
Hajiya, waƙarki ta fama mini tsohuwar shaida,
Ku ɗauko min hoton masallacin in yi dubawa.

'Yar Gef:
Kawu, Allah ya dawo da ku lafiya. Masallatan biyu duka zan ɗauko maka, ciki da waje.

Jikan Maiwurno:
Amin. To, na sauko, amma ba duka ba.

Kaka, na ji, na janye batun kango,
Zan zo in dafa hannu a bango,
In yi wa kakanni fatiha a zango,
Amma ruwan gishiri ba ni da shi shiguwa.

Jarkar Nilu zan cika in taho da ita,
Wanda ƙishi ya kama ya zo mu daidaita,
Kyanwa kuma ta san inda za ta kwanta,
Kan kifina ba na rabawa da kowa.

Hajiya Kaka:
Ango da rowa tun kafin a ɗaura! To ji sharaɗina.

Kujerar gaba a hafila tawa ce,
Kujerar roba kuwa dakonka ce,
Lema a hannunka tun safe har yamma ta dace,
In ka gaji, Baba Mai Agashe na nan yana zawarawa.

Baba Mai Agashe:
Hajiya, ki rufa mini asiri, uwargida na cikin zauren nan tana karantawa.