"Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi": to a Amurka fa?

Ɗalibar Hausa: Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena, ku raba mana gardama. Jiya a gida ƙanena ya jefa wa yayanmu karin maganar nan, "Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi," sai yaya ya ce a Amurka kam ba ta ci ba. Hujjarsa zaɓen 2016: Hillary Clinton ta ɗara Donald Trump da ƙuri'u kusan miliyan 2.9, amma Trump ne ya hau mulki, don ya samu wakilan zaɓe 304, ita kuwa 227, kuma a can waɗannan wakilan na jihohi ne suke zaɓen shugaban ƙasa. Karin maganar ce ta karye, ko mu ne muka ɗora ta inda ba wurinta ba?

Malam na Zazzau: Wa alaikumussalam, 'yata. Mu fara da yadda Bahaushe yake amfani da ita. Ana faɗarta ne idan jama'a sun haɗa kai sun kai ƙasa wani mai ji da ƙarfi, kamar yadda samarin unguwa kan taru su danne bijimin da ya gagari mutum ɗaya ranar layya. 'Yar'uwarta ita ce "Yawa shi kan sa zare ya ja dutse." Zaren nan sai an tufka shi yake ja. In an watsa silin-silin a tsakar gida, komai yawansa ko tsakuwa ba zai motsa ba. Ƙuri'un Clinton sun tattaru ne a jihohin da ta riga ta ci, musamman Kalifoniya, shi kuwa Trump ya haye a Mishigan da Pensilbaniya da Wiskonsin da ratar da jimillarta ba ta kai ƙuri'a 80,000 ba. Yawanta ya taru a inda ba dutsen da za a ja.

Hajiyar Bronx: Malam, a gafarce ni, ban gamsu ba. Ni abin a jikina yake. Shekaruna 19 a Niyok, ina da takardar zama 'yar ƙasa, kuma ban taɓa fashin zaɓe ba. Ranar nan ta Talatar Nuwamba da asuba nake fita cikin sanyi, in bi layi a makarantar unguwarmu, in dawo da ɗan tambarin nan da suke manna wa mutum a riga. Amma na sani tun kafin in fita cewa wakilai 28 na jiharmu sun riga sun san inda za su, don tun bayan 1984 ɗan jam'iyyar Rifablikan, wato jam'iyyar Trump, bai ci Niyok ba. Ba ɗan takarar da ke zuwa lallashinmu. 'Yar ƙanwata da ke Filadelfiya kuwa, a jihar Pensilbaniya inda ba a san maci tuwo ba, ƙofarta ba ta hutawa da ƙwanƙwasa, wayarta ba ta hutawa da kira. Ni zare ce da ba a tufka ba kenan? Wa ya hana a tufka ni? Doka ce ta raba mu jiha-jiha, ta ce wanda ya ci jiha ko da ƙuri'a ɗaya ya kwashe wakilanta kakaf. Jihohi biyu kawai, Maine da Nebraska, suke rabawa. A wurina wannan dokar ita ce sarkin ƙarfin, kuma ta kayar da sarkin yawa.

Ɗan Lissafi: Hajiya ta taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Wakilan 538 ne, mai 270 ya ci. Kowace jiha tana samun adadin 'yan majalisar wakilanta, a ƙara mata 2 na sanatoci, birnin Washintan kuma a ba shi 3. Wayomin, mai mutum ƙasa da 600,000, tana da 3. Kalifoniya, mai kusan miliyan 39, tana da 54. Ka raba ka gani: wakili ɗaya na Wayomin yana tsaya wa mutum kusan 190,000, na Kalifoniya sama da 700,000. Kashin dankali muka saba, babba a kan ƙarami. Wannan ƙaramin ne a sama.

Baba Tsohon Ma'aikaci: 'Ya'yana, ku saurara. Kada mu yi kamar gardamar nan baƙuwa ce a wurinmu. A 1979 ina saurayi a Kano, kunne a jikin rediyo, lokacin rigimar sha biyu da biyu bisa uku. Doka ta ce sai ɗan takara ya samu kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a biyu bisa ukun jihohi 19. Alhaji Shehu Shagari ya fi kowa ƙuri'a, ya cika sharaɗin a jihohi 12, a Kano kuwa, inda Malam Aminu Kano ya yi rinjaye, ya tsaya a kusan kashi 20 cikin ɗari. Cif Awolowo ya garzaya kotu, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Shagari. Na tuna yadda dattawa a bakin masallacinmu suke zana lissafin a ƙasa da tsinke, wani ya goge da tafin hannu ya sake. Abin da nake so ku gane shi ne, waɗanda suka rubuta dokar sun ji tsoron yawan da ya fito daga ɓangare ɗaya. Har yau sharaɗin yana nan, jihohi 24 cikin 36. Masu kare tsarin Amurka ma abin da suke faɗa kenan, kada manyan birane su naɗa wa ƙasa duka shugaba. Akwai yawan da Bahaushe ya kira taron tsintsiya ba shara.

Hajiyar Bronx: Baba, Allah ya ƙara girma, amma dokar Najeriya ba ta taɓa ba wanda ya zo na biyu kujera a zagayen farko ba. Sai ka fi kowa ƙuri'a tukuna, sannan a duba ko ta bazu. A nan sau biyar ana rantsar da wanda bai fi ƙuri'a ba: 1824, 1876, 1888, 2000 da 2016. Ta 2000 ce ta fi tsaya wa mutane a rai. Al Gore ya yi rinjaye da sama da rabin miliyan a ƙasa baki ɗaya, ƙuri'a 537 a Fulorida ta ba George Bush mulki. Kuma a cikin jihohi goma mafi ƙarancin jama'a, wa ya ga 'yan takara suna tururuwa? A 2024 jihohi bakwai aka yi ta zarya a cikinsu.

Malam na Zazzau: Wannan gyara na karɓa, Hajiya. Zan ƙara abu ɗaya da ya sa ni kaina tsarin bai kwanta mini ba. A taron Filadelfiya na 1787, inda aka rubuta tsarin mulkin Amurka, an yarda a ƙirga bawa a matsayin uku bisa biyar na mutum wajen raba kujeru, don haka jihohin kudu suka samu ƙarin wakilai da kawunan mutanen da ba su da bakin magana. Yawan bayi ya zama ƙarfin iyayen gijinsu. Duk wanda ya san tarihin bauta, wannan zai taɓa masa zuciya. Amma kan karin maganar ina nan inda nake. Tana bayyana abin da jama'a za su iya in sun haɗu, ba ta yi alkawarin cewa kowane alƙalin wasa da yawan kawuna zai ƙirga ba.

Ɗalibar Hausa: To Malam, in yawa ne ke da ƙarfi, me ya hana masu yawan su sauya dokar?

Ɗan Lissafi: Ƙanwata, gyaran tsarin mulkinsu yana buƙatar biyu bisa ukun ƙuri'u a kowace daga cikin majalisunsu biyu, sannan jihohi 38 cikin 50 su amince, kuma jihar da take cin moriya da wuya ta sa hannu. Shi ya sa wasu suka bi ta bayan gida. Tun 2007, da jihar Marilan ta fara, jihohi suke shiga wata yarjejeniya cewa za su miƙa wakilansu ga duk wanda ya fi ƙuri'a a ƙasa baki ɗaya, amma ba za ta fara aiki ba sai wakilan jihohin da suka shiga sun kai 270.

Hajiyar Bronx: Jiharmu ta shiga tun 2014. Malam, ga zarenka nan ana tufkawa, sili bayan sili. Ni dai in Allah ya kai mu 2028, da asuba zan sake fita layi, ko da dusar ƙanƙara ce take zuba.