"An kashe maciji ba a sare kansa ba": ta hau kan Batman kuwa?

Ɗan Gusau: Assalamu alaikum. Jiya da dare ni da ƙanena muka yi ta gardama kan katun ɗin Batman na 1992, wanda Bruce Timm da Eric Radomski suka tsara. Kullum Batman zai kama Joker, babban abokin gabarsa, ya miƙa shi Arkham, gidan da ake tsare masu laifi masu taɓin hankali, kwana biyu ya tsere ya koma cutar mutanen birnin Gotham. Na ce an kashe maciji ba a sare kansa ba, kuma alhakin duk wanda Joker ya cuta daga baya har da wuyan Batman. Ƙanena ya ce na ɗora karin maganar inda ba wurinta ba. Ku raba mu.

Baba Manomi, Maru: Wa alaikumus salam. Ɗana, katun ɗinku sai jikokina, amma maciji na san shi. In ka bugi kububuwa a gona ka ga ta miƙe, kada ka ba ta baya, sau da yawa suma ta yi. Kai ko kan da aka sare yana iya sara in ka kai hannu da wuri, shi ya sa muke haƙa rami mu binne shi. Ana faɗin maganar ga wanda ya yi rabin aiki ya tafi yana murna. Ban taɓa jin wani dattijo ya faɗe ta yana nufin a je a kashe mutum ba.

Ɗan Gusau: Allah ya ƙara girma, Baba. To ai rabin aikin nake nufi. Kamu ba hukunci, gobe a sake.

Malama Mafara: Yayana, tambayar da ka tsallake ita ce wane ne kan macijin. Ka tuna kashin katun ɗin da aka yi kan Mista Freeze, wanda Paul Dini ya rubuta har ya ci lambar Emmy, ta yabon shirye-shiryen talabijin a Amurka, a 1993. Victor Fries, wanda ya zama Mista Freeze, masanin kimiyya ne, matarsa Nora na fama da cutar ajali, ya daskarar da ita cikin ƙanƙara yana neman magani. Ferris Boyle, mai kamfanin da Fries ke yi wa aiki, ya zo ya ce a kashe na'urar saboda kuɗinsa, ya hankaɗa Fries cikin sinadarai, daga nan jikinsa ya daina jure ɗumi. Da Fries ya dawo ramuwa, ranar ma ake shirin ba Boyle lambar mai taimakon al'umma. Ni wurin nan har yau yana sosa min zuciya. Batman ya hana Freeze kisan, amma bai tsaya nan ba, ya ɗauki kaset ɗin da ya nuna abin da Boyle ya yi ya miƙa wa 'yar jarida. Wannan shi ne sare kai a wurina. Da Freeze kaɗai ya kama ya bar Boyle da lambarsa, da karin maganarka ta hau daram.

Ƙanen Ɗan Gusau: Allah ya saka da alheri, Malama, abin da na kasa faɗa ke nan. Sai dai kada a wanke Freeze tas. A kashin nan ƙanƙararsa ta kama ƙafafun wani mai yi masa aiki, ya ce a bar shi nan, Batman ne ya tsaya ya cece shi. An zalunce shi, e, amma ramuwar gayya ta sa shi ma ya zama azzalumi.

Ɗan Gusau: Na yarda a kan Freeze. Joker fa? Shi ba Nora, ba Boyle, mugunta ce tsagwaronta. Hali zanen dutse. Kuma mu 'yan Zamfara mun san zafin abin nan. An yi sulhu da 'yan bindiga a 2019, wasu sun ajiye makamai, daga baya hare-hare suka dawo. In na ga ƙofar Arkham ta buɗe, abin da ke faɗo min ke nan.

Malama Mafara: Zafin nan duk muna jin sa, babu gidan da bai taɓa ba. Amma mun ga ɗaya gefen ma. Lokacin da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yanke hukunci da hannunsu a kasuwanni, an haɗa da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, dangi suka shiga daji neman fansa. Batman mutum ne ɗaya, fuska a rufe, ba alƙali ba ne, babu wanda ya naɗa shi. In ya fara kisa, wa zai tuhume shi ranar da ya yi kuskure? Laifin tserewar Joker na masu gadin Arkham ne da kotunan Gotham. Can za ka kai karin maganarka.

Baba Manomi, Maru: 'Yata ta yi gaskiya. Ɗana, faɗe ta ga hukumar da aka kawo wa mai laifi har ƙofa ta yi sakaci da shi.

Ɗan Gusau: Na karɓa, Baba, na cire ta daga wuyan Batman na mayar kan Arkham. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Batman ya san ginin nan ba ya riƙe Joker, ga dukiya a hannunsa tunda shi ne attajiri Bruce Wayne, kuma ya ci gaba da mayar da shi can.