Yarona ya ce "to ba ga wayarka nan ba?" Yaya kuke koya wa naku riƙon kuɗi?

Baban yara, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Shekaranjiya a kasuwar Terminus ta Jos autana, ɗan shekara 7, ya kafe gaban wani shago sai na saya masa motar wasa. Na zazzage aljihu na nuna masa, na ce ka gani, babu ko sisi. Ya dube ni kamar na raina masa wayo, ya ce, "To Baba, ba ga wayarka nan ba? Ka yi taransifa mana." A wurinsa waya rijiya ce da ba ta ƙafewa. Mu da asusun ƙasa muka tashi, ka jefa sulalla ka girgiza ka ji nauyinsu, jajibirin Sallah a fasa. Yau in ka ce asusu, lambobi 10 ne a banki. Masu yara, me kuka gwada a gidajenku? Abin da ya faru da ku nake son ji, wa'azi kam ina da shi.

Maman 'yan biyu, Rikkos:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni a wahalar canjin kuɗi ta 2023 na sha nawa karatun. Ka tuna watan Fabrairu, bayan an sauya 200 da 500 da 1,000, yadda mutane ke kwana a layin ATM cikin sanyin Jos? Na rasa tsabar da zan ba su kuɗin tara, sai na shirya da matar da ke sayar da awara da kunun aya a bakin makarantarsu: su riƙa karɓa, ranar Juma'a in tura mata. Makon farko lafiya lau. Mako na uku da ta faɗo min lissafi sai da na zauna. Ashe har ƙawaye suke ɗaukar wa, tunda ba sa ganin komai na fita daga hannunsu.

Ban doke su ba, don wallahi laifina ne. Littafi mai shafi 20 na saya wa kowacce. Ranar Lahadi da dare na rubuta kuɗin satinta a saman shafi, kullum in ta dawo ita za ta rubuta abin da ta ci ta debe da hannunta. In ya ƙare ranar Laraba, Alhamis da Juma'a sai ɗumamen gida a kula. Hassana ta yi kuka sau biyu ta gane. Husaina kuwa, Allah ya shirya, ta koma ba 'yar'uwarta bashi.

Mai POS, Farin Gada:
Hajiya, ku yi haƙuri, nawa ƙorafi ne a kanku iyaye. Kusan kullum sai an aiko min yaro da katin ATM, lambar sirri a rubuce a takarda, wani ma a tafin hannu. In na ce danna, sai ya karanto min da ƙarfi, masu ɗaukar kwandon tumatir duk suna ji. Darasin farko ke nan da kuka koya masa: lambar sirri ba sirri ba ce.

Tawa 'yar, ranar Asabar nake zaunar da ita a rumfa. Ita ke ƙirga tsaba, kuma ba ta miƙa wa kowa sai ta ga kuɗin ya shigo a na'urarmu, ba hoton rasit a wayar mai turawa ba. An taɓa cin mu 15,000 da alat na bogi tana zaune, to tun ranar ko kawunta ne sai ta ce ya tsaya ta duba.

Goggo, Nasarawa:
Jikata ce ke rubuta min. Ku daina tura barka da Sallar yara a wayar uwayensu. Yaro ya sa sabon kaya ya zo gaishe ka, ka ce "na tura wa mamanka." Me ya gani? Uwar kuma gobe ta yi cefane da shi. Ni ko 100 ce a hannu nake danƙa musu.

Malamin Islamiyya, Gangare:
Goggo ta yi gaskiya. Kuɗin Laraba ma yanzu rabin iyaye turowa suke yi. Ya fi mana sauƙi, ban musa ba, babu "ya faɗi a hanya." Amma da, yaro ya riƙo kuɗi a hannu ya wuce mai alewa da mai gyaɗa bai taɓa ba har ya miƙa wa malam, amana ya koya ba tare da an buɗe littafi ba. Wasu iyayen na roƙe su su ci gaba da aiko yaran da shi.

Ɗan kasuwa, Katako:
Ku bari in ɗan saɓa muku. Asusun ƙasar nan da ake yabo, waye bai zura masa tsinken tsintsiya ba? Kuma a 2023 nawa yaron tsofaffin takardu ya tara a gwangwani, wa'adi ya matso, muka fasa muka ruga banki, sai daga baya Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar su. Ga tsada: abin da ya tara don takalmi a farkon shekara, ƙarshenta ƙafa ɗaya ba zai saya ba. Duniyar da za su rayu ta OPay da Moniepoint ce, mai shayi ma lambar asusu ya manna a teburinsa.

Babban ɗana, shekararsa 16, na buɗe masa asusun yara da BVN ɗina da takardar haihuwarsa. Watan farko data ta cinye kusan duka. Na buga takardar shige da ficen kuɗin muka zauna a tabarma, layi-layi yana karantawa. Abin da ya fi ƙona masa rai ba datar ba ce, naira 50 ɗin nan ce da ake cirewa in kuɗin da aka tura ya kai 10,000. Ya ce wa ya ba su izini? Na ce yauwa, yanzu ka fara zama ɗan kasuwa.

Maman 'yan biyu, Rikkos:
Alhaji, ka dai gaya masa banki ba ya kira ya nemi lambar da aka turo ta saƙo. Ɗan ƙanwata haka aka kwashe masa kuɗin jarrabawa, wai za a "gyara masa BVN."

Baban yara, Unguwar Rogo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya bayan Magariba na buɗe masa wayar ya karanta abin da ke ciki, sannan na ba shi ita ya danna kuɗin burodi da na gawayi da kansa, na ce sake karantawa. Ya yi shiru, ya ce, "Baba, ya ragu." Ya tambaya wa ke mayarwa, na ce sai na fita aiki. Da safe na tarar ya huda murfin gwangwanin madara, ya ce kuɗin motarsa a nan zan riƙa sa masa, bai yarda da wayar ba.