Dan Allah ya kuke yi mai kitso ta yi muku abin da kuka ce?

'Yar Auta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema don abin nan ya fara isata. Jiya na je kitso, na nuna wa matar hoto a waya, shuku ne ƙanana mai tsaga a karkace, ko sakan biyar ba ta yi tana kallo ba ta ce "ai wannan ba komai ba ne, zauna." Na zauna. Ta juya ni na ba madubi baya, tana kitso tana waya ta maƙale ta a kafaɗa, awa uku ina sunkuye wuyana kamar zai ɓalle. Da ta gama ta miƙo min madubi wlh saura kaɗan in fashe da kuka, manya-manya ta zuba min guda goma sha biyu, tsagar ma a miƙe sambal, ga shi ta ja kan har girata sai da ta ɗaga sama. Kuma kun san me na ce? Na ce "ya yi kyau, sannu da aiki", na biya na fito. Daren jiya ban iya ɗora kaina a filo ba.

Kuma ba yau farau ba, kwanaki a wani salun na ce a ɗan rage min bakin gashi kaɗan sbd ya fara tsagewa, ta datse min ya kai yatsa huɗu. Ni matsalata kunya, in na ga mutum ya girme ni ko ya sha kunu sai bakina ya mutu. Ya ake yi ne? Ko ni ce ban iya bayani ba?

Maman Biyu:

Wa alaikumussalam. Ƙanwata ki yi haƙuri amma rabin laifin naki ne, tun ran gini ran zane. Ni yanzu ba na zama a kujera sai mun gama magana, ina tsaye da ɗankwalina a hannu, don in kin riga kin zauna ta sa miki kibiya a ka to magana ta ƙare, hankalinta ya koma kan hannunta. Hoto kuma ɗaya ba ya isa, ki nemi wanda ya nuna gaba da gefe da ƙeya, kuma kar ki ce "irin wannan nake so" ki yi shiru, ki sa yatsa ki nuna mata ainihin abin da ya burge ki a ciki, tsagar ce ko ƙanƙantar ce ko yadda jelar ta sauka. Ke kina kallon tsaga ita tana kallon sunan kitson kawai, ta ga shuku shikenan sai ta yi miki shukun da hannunta ya saba.

Sannan ki daina cewa "ƙanana" ko "kaɗan". Ƙananan ki ba su ne nata ba. Ki ce guda nawa, talatin ko arba'in, ko ki ce kaurin kowanne kar ya wuce biro. In ragewa ce ki kama gashin da yatsunki ki ce daga nan, ta yanke tsinke ɗaya ki gani tukunna. Gashi a wata ɗaya wajen santimita 1 yake ƙaruwa ko da ɗan ɗoriya, to ki lissafa yatsa huɗun nan da aka datse miki, aikin wajen rabin shekara ne aka zubar a ƙasa aka share.

Abu na ƙarshe, in ta yi guda biyu ko uku ki ce Anti dan Allah ba ni madubi. A nan ake gyara. Tsefe guda uku minti biyar ne, babu wadda za ta tsefe miki kai guda bayan awa uku.

Mai Kibiya:

Toh bari mu ma masu sana'ar mu ce wani abu tunda an taɓo mu 😄 Shekarata goma sha ina kitso, kuma ban ce babu masu taurin kai a cikinmu ba, akwai, wadda ta yi miki kitso tana waya kina ba madubi baya ba ta kyauta ba ko kaɗan. Amma ku ma kuna ba mu wahala wlh. Mace za ta zo da hoto, wadda ke cikin hoton gashinta ya cika dam har gadon baya, kuma rabinsa ƙari ne aka saka, an shafe gaban da jel an ɗauka da fitila mai kyau, ita kuma nata in kin kama bai fi tsawon ɗan yatsa ba gefen duk ya zube, ta ce haka take so sak. In kin ce ba zai fito haka ba ta ɓata rai ta ce ba ki iya ba ne, in kin yi shiru kin yi iya yinki ta fita tana zaginki a zuci. Shi ya sa wasu suke cewa "zauna" kawai, ba don sun gane ba, don kar kwastoma ta tafi. Kitso da ƙwarƙwata kenan.

Tambayar da nake so a yi min wadda ba a cika yi ba ita ce: "wannan zai zauna a irin gashina?" Wlh in kika tambaye ni haka kin buɗe min baki, zan gaya miki gaskiya, in ce tsagar za ta yiwu amma tsawon sai da ƙari, ko in ce goshinki ba zai ɗauki ƙanana haka ba mu ɗan ƙara musu kauri. Ki nemi hoton mai irin gashinki, cikarsa da laushinsa da tsawonsa. Kuma ki gaya min tarihin kan, yaushe kika sa rilaksa, kin yi rini, yaushe kika tsefe na baya, akwai inda yake miki ciwo.

Maganar rage baki kuma, gashinmu in ya jiƙe ko ya sha iska yana tsukewa sosai, wani har ya koma ƙasa da rabin tsawonsa, in an busar da draya an miƙar kuma ya dawo. To in ba ku daidaita a wane hali za a auna ba, a miƙe ko a tsuke, dole a samu saɓani. Wani lokacin kuma tsagewar ta hau sama fiye da yadda kike zato, amma ko da haka ne hakkinta ne ta nuna miki ta tambaye ki kafin ta sa almakashi, kanki ne ba nata ba.

Sai kuma don Allah ku daina zuwa a gurguje da sabon kitson da ba a taɓa yi muku ba kuna cewa nan da awa biyu za ku fita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gimbiya:

Hhhh "ya yi kyau sannu da aiki" wlh kamar ni 😭 ni har tukuici na taɓa ƙarawa kan kitson da ina zuwa gida na zauna na tsefe shi tas ina hawaye.

Baban Yara:

Ku gafarce ni na shigo zancen mata, amma mu ma haka muke fama da masu aski. Ka ce a rage sama kaɗan, kafin ka ɗago ya kai kilifa tsakiyar ka, sai dai a ƙarasa kwal kwabo. Abin da ya raba ni da wannan shi ne na koyi lambobin kilifa, lamba 1 wajen milimita 3 take bari, lamba 2 wajen 6, lamba 3 wajen 10. Yanzu ina zama zan ce sama lamba 3, gefe lamba 1, kar ka taɓa min layin goshi ka tura shi baya. Kuma nakan ce ya fara da babbar lamba, in bai yi ba a sauko, don wanda aka aske ba ya komawa. Ranar da askin ya yi min yadda nake so sai na sa aka ɗauke ni hoto gaba da baya, shi nake nunawa duk inda na je, kaina ne ba na wani ba balle a ce min gashin ba iri ɗaya ba ne.

Anti Nas:

Ni abin da ya tsaya min a rai a maganarki ba munin kitson ba ne, cewa da kika yi ba ki iya kwanciya ba. 'Yar uwa ki duba gaban goshinki da bayan kunne da ƙeya, in kin ga ƙananan ƙuraje a gindin kitson ko fatar ta yi ja tana sheƙi, ki tsefe shi yau, kar ki tsaya jin zafin kuɗinki. Wannan jan shi yake cinye gashin gaba a hankali, tun yana zubewa yana fitowa har ramin gashin ya mutu ya zama tabo, daga nan kuma babu man da zai dawo da shi. Zancen wai kitso sai ya yi zafi yake daɗewa ba gaskiya ba ne, kuma shan maganin ciwon kai don a iya jure kitso ba dabara ba ce. Ko mai kyau ne ma kar ya wuce sati 6 zuwa 8 a kai, kuma in kin sa rilaksa ki ba shi kamar sati biyu kafin a yi masa kitso mai ja.

Batun kunya kuma, ba sai kin yi faɗa ba ai. Ni cewa nake "Anti kaina ba ya son ja, a ɗan sassauta min gaban nan", tun kafin a fara, in ta manta in dafa wurin da yatsa in sake faɗa ina murmushi. In na faɗa sau biyu ta ce min "haka ake yi" ko "ke dai kin cika raki", sai in ce ta bar shi haka in biya ta na inda ta yi in ɗaura ɗankwalina. Sau ɗaya na taɓa yin haka, gabana yana faɗuwa kamar na yi sata, amma na fita.

Mai Kibiya:

Anti Nas gsky kika faɗa. Kuma ku sani in hannun mutum mai ja ne to mai ja ne, da wuya ya canza a rana ɗaya, gara ki canza hannu. In kin ga kitso ya yi miki kyau a kan wata ki tambaye ta wa ya yi mata kuma ya yi zafi ko bai yi ba, ranar farko ki je da mai sauƙi ki gwada ta tukunna.

'Yar Auta:

Na gode sosai Allah ya saka da alheri. Anti Nas na duba, akwai ƙurajen kuwa ta gefen hagu wajen kunne, yanzu haka na tsefe layin gaba guda huɗu kuma har na ji iska tana shiga kaina. Sauran sai ƙanwata ta dawo ta taya ni don na ƙeyar mai kitson ta cusa jelar ciki na kasa gano bakinsu. Mai Kibiya na koma na ƙara kallon hoton nan da kyau, ashe da ƙari a ciki 🙈 ni duk a zatona gashinta ne. In na ɗauko hoton kaina bayan an tsefe na turo miki za ki iya gaya min guda nawa zai ɗauka?