Na ƙara wa sabar girman diski amma df ya ƙi ganin ƙarin, a taimaka

ɗan_aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana Linux ku kawo min ɗauki, tun jiya da la'asar nake fama da abu ɗaya. Ina kula da wata ƙaramar sabar a shagon maigidana a Suame Magazin, kayan mota yake sayarwa, lissafin kaya da rasit da sunayen masu bashi duk a cikinta suke. Ubuntu 22.04 ce a kan Proxmox, manhajar da ke riƙe sabobi da dama a inji ɗaya, da MySQL mai ajiye bayanan a ciki. Jiya yarinyar da ke karɓar kuɗi ta kira ni wai rasit ya ƙi fita ga kwastoma a tsaye da bokis ɗin kaya a hannu, na shiga na buga df -h, umarnin da ke nuna wurin da ya rage a diski, sai na ga /, wato tushen duk fayilolin sabar, ya cika taf, 29G, 100%. Abin da ya fara ɗaure min kai ke nan don ni na san 60G na ba ta ranar da na kafa ta.

Sai na je Proxmox na mai da diskin 150G. lsblk, umarnin da ke jera diski da ɓangarorinsa, yana nuna diskin sda 150G lafiya lau amma ɓangarensa sda3 na nan a 58G, df kuma bai motsa ba. Na buga resize2fs mai faɗaɗa tsarin fayil ya ce min "Nothing to do!", na gwada growpart mai faɗaɗa ɓangaren diski shi kuma ya ce "No space left on device", to wai ina neman ƙara wuri ana ce min babu wuri, ina zan sa kaina? Yau da hannu ake rubuta rasit a littafi, Alhaji bai ce min uffan ba amma kallon da ya yi min da safe ya ishe ni.

malam_tafo:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, babu abin da ya lalace tukuna, kuma kar ka sake buga komai da ka gani a intanet sai ka gane me yake yi.

Abin da ka yi kamar mutum ne ya sayi filin bayan gidansa amma bai rushe katanga ba, fili nasa ne amma ɗakin da yake kwana bai ƙaru da taku ɗaya ba. A sabar ɗinka katangar hawa huɗu ce. Akwai diskin kansa wato sda, shi ka ƙara. Cikinsa akwai fatishan, wato ɓangaren diski, sda3, a kansa LVM mai rarraba wuri ta zauna da ubuntu-vg (rumbun wurin) da ubuntu-lv (kason da aka ba /), can sama kuma tsarin fayil ext4 wanda shi df yake gani. Kai ka taɓa na ƙasa ka tsallaka ka je na sama, shi ya sa resize2fs ya ce ba shi da aikin yi, gaskiyarsa, ya riga ya cika ubuntu-lv ɗin da aka ba shi.

Batun 29G kuwa ba asiri ba ne. In ka bar mai girka Ubuntu Server ya tsara LVM da kansa a diski irin naka, rabi kawai yake ba wa /, sauran ya ajiye a gefe. Buga vgs ka duba ƙarƙashin VFree, na tabbata za ka tarar da wajen 29G zaune ba wanda ya taɓa.

growpart kuma yana buƙatar ya buɗe ɗan folda a /tmp kafin ya yi aiki, /tmp ɗinka a kan / yake, / kuma ya cika. Fara share wuri: apt clean, sannan journalctl --vacuum-size=100M. Ko megabait ɗari biyu ka samu sun isa. Daga nan growpart /dev/sda 3, ka lura da tazarar da ke tsakanin sda da 3, ba a haɗe ake rubutawa ba, mutane da yawa a nan suke faɗuwa. Sai pvresize /dev/sda3, sai lvextend -r -l +100%FREE /dev/ubuntu-vg/ubuntu-lv. Wannan -r ɗin shi zai kira resize2fs da kansa. Ba sai ka kashe sabar ba. Amma kafin duk wannan ka ɗauki bakap daga Proxmox.

sarkin_waya_nima:
Ni fa ban taɓa wahala da growpart ba, fdisk nake shiga in goge fatishan ɗin in sake yin sa ya kai ƙarshen diski, w, partprobe, an gama. Na yi a sabar uku nan Accra ko fayil ɗaya bai ɓata ba.

yar_asawase:
Sarkin waya hanyarka tana aiki, ban musa ba, don fdisk teburin fatishan kaɗai yake taɓawa ba bayanan ba, amma ka faɗa masa rabi ka bar rabin da ke kashe mutum. Dole sabon fatishan ya fara daidai a sektar da tsohon ya fara, in ya goce ko da ɗaya LVM ba za ta gane kanta ba. Kuma fdisk zai ce ya ga alamar LVM2_member ya tambaye ka ko ya cire ta, amsar N ce. Ni na ga wanda ya danna Y da idona, a wani ofis da na yi aiki a Adum, ƙarfe goma na dare, yana sauri ya samu trotro, motar haya, gumi na ɗiga masa a kan kibod bayan ya gane abin da ya yi. Kwana muka yi muna lalube a /etc/lvm/backup kafin muka dawo da ita, kuma sa'a ce muka ci don akwai kwafin fayil ɗin a wani wuri. Wanda hankalinsa ke tashe maigida na tsaye a kansa ba shi za a tura fdisk ba.

Ɗan Aboabo ƙanena, abu biyu zan ƙara a kan na Malam. Na farko ka nemo me ya cinye wurin, don lissafin shago ɗaya ba ya cika 29G haka kawai. Buga du -xh --max-depth=2 / | sort -h | tail ka gani. Akwai ma abin lura a saƙon da growpart ya ba ka: ext4 yana ware kashi 5 cikin ɗari don root, wato babban mai iko a sabar, to in har root ma ya rasa inda zai buɗe folda, abin da ya cika diskin da sunan root yake rubutu, ba MySQL ba. Ina zargin wani cron, wato aikin da aka sa sabar ta riƙa yi da kanta a kan lokaci.

Na biyu, da girmamawa Malam, ni ba zan ba / duka ba. Ƙarawa minti ɗaya ne, ragewa ita ce bala'i, ext4 ba ya raguwa sai an sauke shi daga aiki, a kan / kuma hakan na nufin kashe sabar a tashe ta da wani abu daban, tsarin fayil na XFS ma ba a maganar rage shi. Ka ba shi -L +40G ka bar sauran a vg, duk ranar da ka buƙata yana nan.

malam_tafo:
Hajiya kin fi ni gaskiya a nan, ya bi naki. Abu ɗaya kuma, ka tabbata UPS ɗinku na riƙe wuta kafin ka fara, kar dumsor, wato ɗaukewar wuta, ya same ka tsakiyar rubuta teburin fatishan. Ga masu karantawa da ke kan VMware, can sau da yawa lsblk ma ba ya ganin ƙarin sai an buga echo 1 > /sys/class/block/sda/device/rescan, kuma ba ya barin ka ƙara diski muddin akwai sinafshot a kansa. Wanda diskinsa ke kan tsohon tsarin MBR kuma ya sani ba ya wuce 2TB, sai GPT.

ɗan_aboabo:
Alhamdulillahi jama'a an gama, Allah ya saka muku da alheri. Malam vgs ya nuna 29G a zaune kamar yadda ka ce, wato da ma ban je Proxmox ba da lvextend kaɗai ya fitar da ni jiya. Kuma growpart a haɗe nake rubuta shi, bayan na share wuri ya sake ƙi sai da na dawo na karanta maganarka ta tazara.

Yaya, zarginki daidai ne. Ni ne na sa cron yana yin mysqldump, wato kwafin bayanan MySQL, kowane dare cikin /root/bakap tun bara, ban sa abin da zai goge tsofaffi ba, ban ma matse su da gzip ba, 21G suka ci. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne duk a kan diski ɗaya suke da ainihin bayanan, da diskin ya mutu da littafin bashin Alhaji ya tafi gaba ɗaya da su. Na kwashe su zuwa wani diski na waje, na bar na kwana bakwai, na ba / ƙarin 40G yadda kika ce, yanzu df na nuna kashi 12 kuma rasit na fita tun kafin azahar.

Sauran 79G ɗin da ke vg, in na so in yi wa /var/lib/mysql nasa lv daban, dole sai na tsayar da MySQL kafin in kwashe fayilolin ko? In haka ne zan bari sai Lahadi da shago ke rufe.